Jarka mai lita 20, roba nawa za ta cika?

Tambaya: Ina sarin sabulun ruwa a jarka mai lita 20, ina ɗurawa a robobin da aka rubuta 75cl a jikinsu. A lissafina roba 30 ya kamata in samu, amma kullum 26 ke fita. Ko dai tauye mini awo ake yi?

Amsa: Hajiya, kada ki ɗauki alhakin wanda kike sari a wurinsa. Jarkarki cike take, lissafin ne ya kauce.

Lita ɗaya mililita 1,000 ce, saboda haka jarkar nan mililita 20,000 ke cikinta. Ita kuma cl da ke jikin robar santilita ake nufi, kowace ɗaya mililita 10 ce. Ke nan 75cl mililita 750 ne. Raba 20,000 da 750, za ki samu roba 26, saura mililita 500 a gindin jarka. Daidai abin da kike gani ke nan.

Abin da ya dame ni shi ne farashi. In a kan 30 kika raba uwar kuɗi kika ɗora riba, to kuɗin roba huɗu da ba su wanzu ba suna fita daga aljihunki a kowace jarka. Jarka goma, roba 40. Wannan zai iya cinye ribar gaba ɗaya kina ganin ciniki na tafiya. Ni a shawarata ma a kan 25 za ki yi lissafi, domin sabulu na kumfa, yana zuba, yana kuma manne wa mazurari. Sai ki haɗa kuɗin robar da murfinta.

Ki saba da abu ɗaya: kafin ki raba komai, mayar da shi mililita tukuna. Lita ki ninka da 1,000, santilita da 10. Ki kuma kula da ɗigo, 0.5L mililita 500 ne, 0.05L kuwa 50 kacal.

In 30 ɗin kike so lallai, ki sauya roba. Mai mililita 500 za ta ba ki 40 cif, mai 650 ta ba ki 30 da saura 500. Ki nemi kofin awo mai layi-layi ki gwada robar da ruwa, domin yawancinsu in aka cika su har wuya sun wuce abin da aka rubuta.