Ƙofar motata ta lotse kafin wa'adin biyan kuɗinta ya cika: in gyara ko in mayar da ita haka?

Tambaya: Ina zaune a Birtaniya, kuma na karɓi mota a tsarin biya duk wata da ake kira PCP. Saura wata huɗu wa'adin ya cika, sai wani ya buge mini ƙofar baya a wurin ajiye motoci ya gudu. Ƙofar ta lotse, fentin ya karce har ƙarfe ya bayyana. Shin in gyara da kuɗina, ko in bi ta inshora, ko in mayar da ita haka?

Amsa: Malam, Allah ya tsare gaba. Kafin ka kira mai gyara, ka fara yanke shawarar abin da za ka yi da motar idan wa'adi ya cika, domin amsar tambayarka ta rataya ne a kan haka. A tsarin PCP motar ba taka ba ce tukuna, mallakar kamfanin da ya ba da bashin ce har sai ka biya babban kuɗin ƙarshe da aka ƙayyade tun ranar sa hannu. Idan niyyarka ita ce ka biya wannan kuɗi ka riƙe motar, babu wanda zai caje ka saboda lotsewar, sai dai ka rufe karcen da wuri kafin tsatsa ta kama ƙarfen. Idan musanya za ka yi wurin dila, zai rage darajar motar gwargwadon ɓarnar, kuma hakan zai cinye rarar da ke tsakanin darajar motar da kuɗin ƙarshen, wadda kake fatan sakawa a sabuwar mota.

Inda maganar take da nauyi shi ne idan mayarwa za ka yi. Kamfanin zai aiko mai dubawa, kuma yawancinsu suna aiki da ma'aunin BVRLA, ƙungiyar kamfanonin ba da hayar motoci ta Birtaniya, ma'aunin da ya bambanta tsufan da amfani ke jawowa da ɓarnar da dole a biya. A wannan ma'auni ana yafe karcen da bai wuce milimita 25 ba, matuƙar bai kai ga ƙarfe ko fentin ƙasa ba. Tunda naka ya fito da ƙarfe, ka sa a ranka cewa za a caje ka a kansa. Saboda haka ka rubuta wa kamfanin yanzu, ka sanar da su abin da ya faru, ka nemi jadawalin farashin da suke caji a kan kowace irin ɓarna, sannan ka kai motar gareji biyu ko uku su yi maka ƙiyasi a rubuce. Mutane da yawa suna ɗauka cewa gyara da kansu ya fi arha a kullum, alhali wani lokaci cajin kamfanin yana ƙasa da abin da gareji zai karɓa, wani lokaci kuma yana sama nesa ba kusa ba. Sai ka ga alƙaluman biyu sannan za ka san wanne ya fi maka sauƙi.

Abin da nake ja maka kunne a kansa shi ne gyaran arha. Idan launin fentin bai dace da sauran jikin motar ba, ko wurin da aka cike ya nuna, mai dubawa zai ɗauke shi a matsayin ɓarna, ka ga ka biya sau biyu ke nan. Ka duba takardar yarjejeniyarka ko ta shardanta garejin da kamfanin ya amince da shi, ka kuma ajiye rasit da takardar garantin aikin.

Game da inshora, sharuɗɗan yawancin kamfanoni sun wajabta ka sanar da su duk wani haɗari ko da ba za ka nemi diyya ba. Neman diyyar kuwa lissafi ne: ka haɗa kason da za ka biya daga aljihunka da rangwamen shekarun rashin haɗari da za ka iya rasawa, tunda ba a san wanda ya buge ka ba. Idan kuɗin gyaran bai fi wannan da yawa ba, biya da kanka ya fi. Ka tambayi masu wurin ajiye motocin ko kyamararsu ta ɗauki lambar motar, kuma ka hanzarta, domin ba a daɗewa ake goge hotunan.

Ranar mayarwa ka wanke motar, ka ɗauki hotunanta ta kowane ɓangare da rana tsaka, har da mitar da ke nuna tafiyar da ta yi, kuma kada ka sa hannu a rahoton dubawa sai ka karanta shi ka rubuta abin da ba ka yarda da shi ba. Idan suka aiko cajin da kake ganin ya wuce kima, ka shigar da koke a rubuce. Suna da mako 8 su ba ka amsa ta ƙarshe, kai kuma kana da wata 6 daga ranar amsar ka kai ƙara hukumar Financial Ombudsman Service, mai sasanta ƙorafi tsakanin jama'a da kamfanonin kuɗi, wadda ba ta karɓar ko kwabo daga mai ƙorafi.