Yadda ake gadon sarauta, kafin ki kashe sarkin littafinki

'Yata, na ga saƙonki, na kuma karanta babi ukun da kika turo. Tambayarki ita ce: a masarautar da kika ƙirƙira cikin littafin da kike rubutawa, sarki ya rasu ya bar 'ya'ya maza biyu, babban ɗan uwargida ne, ƙaramin ɗan ƙwarƙwara, to shin daidai ne a al'ada babban ya hau gado kai tsaye, ƙaramin kuma ya zama ba shi da haƙƙi? Amsa a taƙaice, ba haka ake yi ba. Masarautar taki ce, kina iya yi mata dokar da kika ga dama, amma tunda kin sa mata Galadima da Madaki da tambari, mai karatu zai auna ta da ma'aunin ƙasar Hausa, kuma zai kama ki.

A wurinmu sarauta ba gona ba ce da za a ce babban ɗa ya gaje ta. Haihuwa tana ba mutum damar nema ne kawai, zaɓe shi ke ba da gadon. Ki ɗauki Kano ki ƙirga da kanki. Daga Ibrahim Dabo da ya hau a 1819 zuwa rasuwar Ado Bayero a 2014 sarakuna 12 aka yi, wato sau 11 sarauta ta canja hannu. A cikin sau 11 ɗin nan, sau 3 kacal ɗa ya gaji ubansa kai tsaye: Usman ya gaji Dabo, Tukur ya gaji Bello, Sanusi ya gaji Abdullahi Bayero. Ragowar duk ɗan'uwa ne ya gaji ɗan'uwa, ko ɗa ya gaji baffansa, har ma akwai inda baffa ya gaji ɗan wansa, lokacin da Muhammadu Inuwa ya hau a 1963. 'Ya'yan Dabo uku ne suka yi sarauta a jere, Usman da Abdullahi Maje Karofi da Bello. Daga baya 'ya'yan Abdullahi uku su ma suka jera, Aliyu Babba da Abbas da Usman. Saboda haka ranar da sarkinki ya rasu, waɗanda za su fi hana babban ɗansa barci ƙannen mahaifinsa ne, masu furfura da dawaki da barori, waɗanda suka yi shekara ashirin suna jiran ranar. Ke kuwa a babi ukun nan ban ga baffa ko ɗaya ba.

Zancen ɗan ƙwarƙwara kuma ki cire shi gaba ɗaya a matsayin doka. A shari'a ɗan da sarki ya haifa da sa-ɗaka ɗa ne cikakke, gadonsa ɗaya da na ɗan matar aure, kuma sarakuna da dama 'ya'yan ƙwaraƙwarai ne. Sau da yawa ma shi ya fi samun goyon bayan bayin sarki, domin su ne dangin uwarsa, su ne kuma ke riƙe da ƙofofi da makamai da rumbuna. Kishiya tana iya yi masa gori a tsakar gida, wannan ki bar shi a labarin, yana faruwa. Amma masu zaɓe ba za su zauna su ce uwarsa baiwa ce don haka ya fita ba. Abin da ake dubawa shi ne uba. Ɗan 'yar sarki, komai gatansa, ba ya cikin masu nema, sai dai idan shi ma ubansa ɗan gidan ne. Uwa tana ƙara wa ɗanta nauyi ta wata hanya: mahaifiyar Aliyu Babba na Kano 'yar Sarkin Musulmi ce, kuma wannan ya yi masa rana a lokacin yaƙin Basasa da zan ba ki labarinsa a gaba, da 'yan'uwansa ke neman wanda Sakkwato za ta iya haƙura da shi.

Akwai kuma bambanci tsakanin ɗan sarki da jikan sarki. Wanda ubansa ya hau gado ya fi wanda kakansa ne kawai ya hau. Idan reshe ya yi tsallake biyu ba wanda ya yi sarauta a cikinsa, yakan dusashe, 'ya'yansa su koma malanta ko fatauci ko dagatai. Wannan tsoron shi ne man da ke hura wutar rikicin gado. Mutum yana nema ba don kansa kaɗai ba, ya san in ya rasa, 'ya'yansa da jikokinsa sun yi nisa da gado ke nan.

To su wa ke zaɓen? Nan ne ya kamata ki zauna ki yi aiki sosai, don su ne ƙashin bayan labarin. A Kano an san su huɗu: Madaki daga Yolawa, Makama daga Joɓawa, Sarkin Bai daga Dambazawa, da Sarkin Dawaki Mai Tuta. A Katsina akwai Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi. A Zazzau waɗanda suka zauna a 2020 su biyar ne: Waziri, Limamin Juma'a, Limamin Kona, Makama Ƙarami da Fagaci. Ki lura da abu guda, masu zaɓe ba 'ya'yan sarki ba ne, gidajensu daban, sarautarsu ma galibi gado ce a zuriyarsu. Hikimar ita ce wanda ba zai iya hawa ba shi ake ba amanar zaɓe. A littafinki kin sa Waziri yana zaɓe kuma yana ƙulla yadda zai hau da kansa. Hakan ba ya yiwuwa sai wani ƙarfi daga waje ya karya tsarin, kamar yadda Turawa suka tuɓe Sarkin Katsina Yero a 1906 suka naɗa Muhammadu Dikko, wanda a lokacin Durɓi ne, sarauta ta bar gidan Dallazawa ta koma Sulluɓawa har yau. In kina son Wazirinki ya hau, sai ki samo masa irin wannan ƙarfin, ki kuma nuna yadda tsohon gida zai riƙe abin a zuci shekara da shekaru.

Ki ba masarautarki masu zaɓe huɗu ko biyar. Huɗu suna iya rabuwa biyu da biyu, kin samu babi guda a nan. Kowannensu ki san abu uku game da shi: 'yar wa yake aure ko wa ke auren 'yarsa a cikin 'ya'yan sarki, me marigayi ya yi masa na alheri ko na cin fuska, da kuma abin da yake tsoron rasawa idan wane ya hau. Masu zaɓe sukan so wanda zai ji maganarsu, shi ya sa ɗan sarki mafi ƙarfi da farin jini ba lallai ne ya samu ba. Wani lokaci sukan zaɓi dattijo don kowa ya san ba zai daɗe ba, a samu lokacin sake shiri.

Kuma zaɓensu ba shi ne ƙarshe ba. Bayan jihadi, sunan wanda aka tsayar sai ya je Sakkwato, Wazirin Sakkwato ya zo da takardar tabbatarwa. Zamanin Turawa sai Razdan da Gwamna sun yarda. Yau gwamnan jiha ake kai wa sunaye, yawanci uku, ya ɗauki ɗaya. Ki yanke tun yanzu ko masarautarki tana da wani a samanta. Idan tana da shi, ga misalin abin da ke faruwa in ya yi gaban kansa. A 1893 da Sarkin Kano Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya sa aka naɗa ɗansa Tukur, alhali yawancin gari na tare da 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi, waɗanda dama Bello ya yi ta raba su da sarautunsu yana ba nasa 'ya'yan. Suka fice daga birni ƙarƙashin ɗan'uwansu Yusufu suka yi sansani a Takai. Yusufu ya rasu ana cikin yaƙi, suka tsayar da Aliyu, ya ci Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Wannan shi ne Basasa. Ki duba inda ta samo asali: tun sarki na da rai ya fara tuɓe 'ya'yan wansa don share wa ɗansa hanya. Yaƙin gado ba ya farawa ranar jana'iza.

Wannan ya kawo mu ga sarautun 'ya'yan sarki, su Ciroma da Wambai da Ɗan Iya da Turaki da Tafida. Da su sarki ke nuna inda zuciyarsa take. Wanda aka ba sarauta mai ƙasa da talakawa ya samu abin tara dawaki da jama'a, wanda aka bari ba rawani kuwa ko sunansa da wuya ya shiga ɗakin zaɓe. Mutane sukan ɗauki Ciroma a matsayin mai jiran gado, a tsohon tsarin Haɓe na Zazzau da Maraɗi kuma Ɗan Galadima ake kallo da wannan ido, amma ba alkawari ba ne. Ciromomi nawa suka tsufa suka mutu suna Ciroma. Kalmar nan "yarima mai jiran gado" da kika yi ta maimaitawa, ki rage ta. Bafade mai hankali ba ya furta ta sarki na da rai, don kamar yana ƙirga wa ubangidansa kwanaki ne.

Idan kina son masarauta mai gidaje fiye da ɗaya, ki kalli Zazzau. Gidaje huɗu ne: Mallawa zuriyar Malam Musa, Barebari zuriyar Yamusa, Katsinawa zuriyar Abdulkarimu, da Sulluɓawa zuriyar Abdussalami. Sarauta tana yawo a tsakaninsu, amma ba bi da bi kamar adashi ba. Katsinawa sun yi biyu a jere, Muhammadu Aminu daga 1959 sannan Shehu Idris daga 1975 zuwa 2020. Mallawa kuwa sun yi kusan shekara ɗari a waje bayan Turawa sun tuɓe Aliyu Ɗan Sidi, sai a 2020 ta dawo musu da Ahmed Nuhu Bamalli. A irin wannan tsari, a da can, sabon sarki yakan sauke mutanen gidan da ya gabata daga manyan sarautu ya ɗora nasa, don haka kowane canji girgiza ce ga ɗaruruwan gidaje. Shawarata gare ki, gida biyu ko uku sun isa littafi ɗaya. Huɗu sai mai karatu ya riƙa komawa baya yana neman wane ɗan wane. Sakkwato ma a ƙarni na 19 galibi tsakanin gidan Bello da gidan Atiku abin ya riƙa juyawa, kuma ya isa rikici.

Gidan da aka ƙwace wa sarauta ba ya ɓacewa, ki tanadar masa wuri. Haɓen Katsina sun koma Maraɗi, na Zazzau sun kafa Abuja wadda yau ake kira Suleja, suna ci gaba da kiran kansu da sunan tsohuwar sarautarsu. Na Daura ma har dawo da su aka yi a 1906. Wata hanyar kuma a ba tsohon gida kujerar zaɓe don a rarrashe shi, kamar yadda labarin baka na Katsina ya ce bayan Korau ya kayar da Sanau, sarkin Durɓawa na ƙarshe, Durɓawa suka koma masu zaɓen sarki.

Mata kuma, kar ki tsaya kan kishi da boka kawai, kin rage musu daraja. Mai Babban Ɗaki a Kano, Magajiya a Daura, Iya a Maraɗi, Inna a Gobir, duk kujeru ne masu nauyi. Jakadiya kuwa ita ke shiga inda Waziri ba ya shiga, ita ke fara sanin jikin sarki ya yi tsanani.

Game da ranar kanta, kin sa an yi kwana arba'in gado babu kowa. Ya yi yawa ga masarautar da. Sarki yakan kwanta a kabarinsa a ranar da ya rasu ko washegari, kuma a zamanin yaƙi ba a barin gari babu sarki, don maƙwabta na jin labari za su ɗaura sirdi. Tsakanin fitar rai da sanarwa manyan bayi irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama su ke tsare ƙofofin gida da kayan sarauta. Masu zaɓe su keɓe, su tsayar da mutum, a aika a ɗauko shi, a naɗa masa rawani a yafa masa alkyabba, ya yi rantsuwa da Alƙur'ani, a buga tambari. Jin tambarin nan shi ne sanarwa ga gari. Sai mubaya'a, kuma a nan idon kowa yake: wane ɗan sarki ne ya zo ya faɗi gaisuwa, wane ne ya aiko cewa ba shi da lafiya, wane ne aka wayi gari gidansa a rufe. Bikin ba da sanda da kike gani yanzu ana yi bayan watanni, Turawa ne suka kawo shi, kar ki sa shi in labarinki kafin zuwansu ne. Ki ƙirƙira wa masarautar kayan gadonta guda biyu ko uku masu tarihi, yadda Kano ke da tagwayen masu, Katsina ke da takobin nan Gajere. Wanda ya gudu da irin wannan kaya ya bar wa sabon sarki ciwon kai.

Lissafin shekaru ma ki gyara. Kin rubuta sarakuna 10 a shekara 500, wato kowanne ya yi 50. Sarakunan Kano 12 ɗin nan shekara 195 suka yi gaba ɗaya, kusan 16 ke nan kowanne, kuma a cikinsu akwai Ado Bayero mai 51, akwai Inuwa da bai cika shekara ba. Inda ƙanne ke gadon yayye, zamani gajere ne, don suna hawa da tsufansu. Ki gauraya: ɗaya mai tsawo, biyu ko uku gajeru a bayansa, ɗaya da aka tuɓe aka kai shi wani gari ya ƙare rayuwarsa can, kamar yadda aka kai Aliyu Babba Lokoja.

Kafin ki rubuta babi na huɗu, ki samu babbar takarda ki zana zuriyar tun daga wanda ya kafa gidan, ki sa shekarar hawa da ta sauka a gaban kowane sarki, ki ja layi ƙarƙashin duk namijin da ke raye wanda ubansa ya yi sarauta. Su ne masu nemanki. A gefe ki jera masu zaɓe da auratayyar da ke tsakaninsu da waɗannan. Ki ɗauki hotonta ki turo mini in duba. Ki gaida mahaifiyarki da ƙannenki.

Baffanki.