Kafin Ka Saya Wa Masana'antarka Manhaja, Fara Ƙirga Kayan Sito

Tambaya: Ina da ƙaramar masana'anta da muke yin bokitai da kwanukan roba, ma'aikatana 32. Duk lissafinmu a littafi yake. Wani dillali ya matsa mini in sayi manhajar da za ta haɗa sito, ciniki da albashi a kwamfuta. Yaya zan gane ko mun shirya, kar in je in zubar da kuɗina?

Amsa: Alhaji, na ji daɗi da ka tambaya kafin ka sa hannu. Irin wannan manhaja, wadda ake kira ERP, ba ta gyara lissafi. Abin da aka ba ta shi take mayarwa. Idan littafinka yana faɗin ƙarya, kwamfuta za ta faɗi ƙaryar nan, sai dai da sauri kuma a rubuce tsaf, har kowa ya yarda da ita.

Saboda haka gwajin farko ba ya bukatar ko sisi. Gobe da safe, ba tare da sanarwa ba, ka ɗauki littafin sito ka zaɓi kaya iri goma: buhunan ƙwayar roba, launi, bokitan da aka gama, da sauransu. Ka tsaya a ƙirga a gabanka. Idan littafi ya ce buhu 140 aka tarar da 126, ka bi sawun 14 ɗin nan. Sau da yawa ba sata ba ce. Wani ya ɗiba da daddare injin na jira, ya ce zai rubuta da safe, ya manta. Ko kuma robar da ta lalace aka niƙa aka mayar cikin inji, babu inda ake rubuta ta. Wannan ɓarakar ita ce ainihin ma'aunin shirinka, kuma ita za ka fara toshewa.

Gwaji na biyu a kan inji yake. Ka rataya takarda da biro a jikin kowane inji har wata guda, duk lokacin da ya tsaya a rubuta ƙarfe nawa, minti nawa, da dalili. Daga nan ka fitar da ma'aunin da masana'antu ke kira OEE, wato kashi nawa na ƙarfin inji ake mora, wanda Seiichi Nakajima na Japan ya yaɗa. A ce cikin awa 8 inji ya yi aikin awa 6, wato kashi 75 cikin 100. Gudunsa kashi 80 na abin da ya kamata, kayan da suka fito lafiya kuma kashi 90. Idan ka ninka ukun, kashi 54 za ka samu. Kusan rabin ƙarfin injin da ka biya yana tafiya a banza, kuma takardar nan za ta nuna maka ko canjin mazubi ne ke cin lokaci, ko jiran kaya, ko lalacewa. Wanda ya riƙe wannan takarda ya san abin da zai nema a wurin dillali. Wanda bai riƙe ba, dillali ne zai zaɓa masa.

Manyan ma'aunan shirin masana'anta na rungumar fasaha ma daga nan suke farawa. A 2017 cibiyar kimiyya da injiniyanci ta Jamus mai suna acatech ta fitar da ma'auni mai matakai 6. Na farko shi ne shigar da aiki cikin kwamfuta, na biyu haɗa na'urori da juna, na uku ganin abin da ke faruwa a lokacin da yake faruwa. Hasashen lalacewar inji tun kafin ta zo, wanda dillalai suka fi tallatawa, sai a mataki na biyar. A shekarar nan Singafo ta fitar da nata, SIRI, wanda ke duba tsarin aiki, fasaha, da mutanen da ke riƙe da kamfani.

Batun mutanen nan ya fi damuna. Wa zai riƙe tsarin? Ina nufin mutum ɗaya mai suna, da ka rage masa wani aikin domin ya samu lokaci. Ka zauna da mai kula da sito da tsohon makanikenka tun yanzu, domin da ɗan gari akan ci gari. Idan suka ɗauka an kawo kwamfuta ne don a kama su ko a sallame su, za su ci gaba da littafinsu a ɓoye, ka wayi gari da lissafi biyu da ba sa jituwa.

Wuta, intanet da ajiyar bayanai a wuri na biyu, ka tabbatar da su kafin ranar farawa.

Shawarata ita ce ka ce wa dillalin ya dawo bayan wata uku. A tsakanin nan ka ba kowane kaya suna ɗaya da lamba ɗaya, ka mayar da littafin sito kaɗai cikin Excel, a riƙa ƙirga duk mako. Idan ƙirga da rubutu suka yi daidai mako huɗu a jere, ka kira shi. Ka fara da ɓangaren sito, ka nemi ya gwada maka da kayanka na gaske, sannan a rubuta a yarjejeniya nawa ne kuɗin kowace shekara, wa zai horar da ma'aikata, da yadda za ka kwashe bayananka idan kun rabu.