Kafin ka tura shi PyPI

Jiya bayan la'asar, ina hanzarin zuwa Pantami, ka tare ni a bakin shago da tambaya: me ya sa na hana ka tura ɗan ƙunshin nan naka mai juya lambobi zuwa kalmomin Hausa zuwa PyPI, rumbun da masu rubuta manhaja da Python ke ajiye aikinsu don kowa ya sauke, alhali "yana aiki lafiya lau a kwamfutata, Oga"? Ka kuma ce rubuta bayanin sauye-sauye ɓata lokaci ne, tunda komai yana cikin Git, mai ajiye tarihin duk gyaran da ka yi. To yarona, ga amsarka.

Kwamfutarka ta saba da kai, shi ya sa take rufa maka asiri. Wanda zai sauke aikinka a Kano ko Legas ba foldarka zai samu ba, abin da ka ɗaure ka aika shi zai samu. Idan ka buga python -m build, abu biyu ke fitowa: fayil mai ƙarewa da tar.gz, wato rubutun manhajar ɗanye, da kuma wheel, wanda pip, manhajar sauke ƙunshin Python, ke girkawa kai tsaye. Wheel ɗin nan zip ne kawai, ana buɗe shi. Na buɗe naka da daddare. Fayil ɗin da ka jera kalmomin a ciki, su ɗaya, biyu, goma, ɗari, dubu, ba ya nan, domin setuptools, mai ɗaure maka ƙunshin, ba ya kwasar irin wannan sai ka gaya masa. Ka ɗinke buhu ka bar hatsin a ƙasa ke nan. Ko a Tudun Hatsi aka yi maka haka ai sai an ji ku.

Saboda haka ka buɗe sabon venv fanko, wato keɓaɓɓen wurin Python, ka girka wheel ɗin a ciki, ka fita daga foldar aikin gaba ɗaya kafin ka gwada. Fitar nan ita ce muhimmiya: in kana ciki, Python zai ɗauko wanda ke gabansa, ka yi ta murna a banza. Daga nan sai TestPyPI, filin da aka ware don gwaji.

Ni ma na sha wannan ruwan. Shekarun baya na saki wani ƙunshi ba tare da wheel ba, kuma setup.py ɗina, rubutun da ake kunnawa wajen girka ƙunshin, yana buɗe fayil ɗin bayani na README ba tare da na faɗa masa ya karanta haruffan da tsarin utf-8 ba. A Linux ɗina shiru kake ji. Sai wani bawan Allah daga Bauchi ya kira ni, shi Windows yake amfani da ita, ya ce abin ya ƙi shiga sam. Kwana biyu ina nema. Ashe babban harafin Ɓ ne, a kalmar "Ɓangare" da na sa a kan wani sashe. Windows ɗinsa tana karatu da tsohon tsarin cp1252, wanda ƙaramin ƙ yake mayarwa wani shirme ya wuce, amma ɗaya daga cikin lambobi biyun da ke wakiltar Ɓ ba ta da gurbi a cikinsa ko kaɗan, sai komai ya tsaya cak. Harafi ɗaya tal! Mu masu ƙ da ɗ da ɓ dole mu fi kowa lura da wannan.

Yana cikin dalilan da na ce ka bar setup.py ka koma pyproject.toml, fayil ɗin da ake rubuta bayanan ƙunshi a ciki. Tun 2016 aka shigo da shi ta PEP 518, ɗaya daga cikin takardun ƙa'idojin Python, a 2020 kuma PEP 621 ta tsara yadda za ka rubuta suna, siga da abubuwan da ƙunshin ya dogara da su, ba tare da an kunna wani rubutu naka ba. Darasin da ka kwafo daga intanet ma distutils yake kira, tsohon kayan ɗaure ƙunshi, wanda aka cire daga Python 3.12 a Oktoban 2023.

Sai lambar siga. A PyPI magana zarar bunu ce: sunan fayil ɗin da ka taɓa turawa ba za ka sake turawa ba, ko ka goge shi. Gogewar ma ban ba ka shawara ba. A Maris 2016 mai left-pad ya janye ƙunshinsa daga npm, takwaran PyPI na masu JavaScript, ɗan abu mai layi 11, manyan ayyuka irin su Babel suka kasa haɗuwa. In ka yi kuskure, ka yi wa sigar alamar yank, wadda ke sa pip ya tsallake ta ba tare da an goge ta ba, ka fitar da sabuwa.

Ga inda ka fi ba ni mamaki. A da ƙunshinka yana mayar da 19 "ashirin ba ɗaya", yanzu ka mai da shi "goma sha tara", ka sa masa 1.2.1 kamar ɗan gyara ne. Duka biyun Hausa ce, ban ce ka yi kuskure ba. Amma ka tuna abokinka da ke buga rasit da shi, wanda gwaje-gwajensa ke jiran tsohuwar amsa. Lamba ta ƙarshe ta gyaran kuskure ce, ta tsakiya ta ƙarin abu ce wanda bai taɓa na da ba, ta farko kuwa ita ke cewa a yi hattara. Ko dai ka kira shi 2.0.0, ko ka bar tsohon yadda yake ka ƙara zaɓi, ka kira shi 1.3.0. Ni na biyun zan ɗauka.

Shi kuwa Git da kake taƙama da shi, na leƙa: "gyara", "gyara kuma", "yanzu ya yi". Wa zai karanta wannan ya san ko ya sabunta ko ya dakata? Bayanin sauye-sauye na wanda bai san ka ba ne. Ka fara da abin da zai karya masa aiki da yadda zai gyara, sannan sababbin abubuwa, sannan kurakuran da aka toshe. Masu gina Python kansu ba sa bari sai ranar saki. Gyara yakan zo da ɗan bayaninsa a foldar Misc/NEWS.d, suna da kayan aiki mai suna blurb don wannan, sai a tattara daga baya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gobe ka zo da wuri kafin a ɗauke wuta. Ka taho da bayanin a rubuce, layi biyar ma ya isa, kuma ka aro kwamfutar ƙaninka mai Windows, a kanta za mu gwada.