Kunnena ya daina ji dare ɗaya

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Shekaruna 46, kuma ina da ciwon suga. Ranar Talata da safe na kara waya a kunnen hagu, sai na ji shiru kamar an katse kiran. Tun daga nan kunnen a toshe yake, sai ƙara "shuuu" dare da rana, da ɗan jiri. Ba ya ciwo, ba ya ruwa. Mai kemis ya ce datti ne, ya ba ni maganin ɗigawa, amma shiru. In ƙara haƙuri ne?
— Wani mai karatu

AMSA: Malam, wannan ba wurin haƙuri ba ne. Ka nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro yau ɗin nan, a leƙa kunnen, a yi maka gwajin ji.

Datti kan toshe kunne, gaskiya ne. Amma ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, ga ƙara ga jiri, abin da na fi tsoro shi ne jijiyar ji da ke can cikin kunne. Ka rufe baki ka ce "mmm". In sautin ya fi ƙarfi a kunnen da ya toshe, wataƙila dattin ne. In ya koma kunnen mai lafiya, to zargi ya hau kan jijiya, kuma maganin ɗigawa ba ya kaiwa can.

A kusan kashi 90 cikin 100 na masu wannan larura ba a gano musabbabin. Abin da muke bayarwa shi ne sitiroyid, wato maganin rage kumburi, galibi prednisolone: miligiram 1 ga kowane kilo na nauyin mutum, kada ya wuce 60 a rana, na kwana 7 zuwa 14, sannan a riƙa ragewa sannu a hankali. Ya fi amfani cikin mako biyun farko. Wasu jinsu kan dawo da kansa, amma babu mai iya gaya maka ko kana cikinsu, shi ya sa ba na son jira.

Sai dai kai da ciwon suga, kada ka kuskura ka saya ka sha da kanka. Maganin nan yana harba suga sama, yana ta da hawan jini, yana hana barci, yana kuma fama gyambon ciki. Ga irinka, likita kan zaɓi allurar dexamethasone ta cikin dodon kunne, bayan an kashe zafin wurin. Mutane na jin haka sai su dafe kunne, alhali 'yan mintuna ne, kuma kaɗan ne ke shiga jini. Ita ake yi wa wanda ya sha ƙwayoyin bai ga sauƙi ba.

Za a iya tura ka hoton MRI don a tabbatar ba wani ƙari ne ya danne jijiyar ba. Ka faɗa wa likita duk maganin da ka sha kwanan nan, musamman allurar gentamicin, domin tana lalata ji. In kuwa baki ya karkace, magana ta sarƙe ko hannu ya mutu, ka wuce sashen gaggawa kai tsaye.