Ba ni da albashi, shin in shiga inshorar lafiya da kaina?

Tambaya: Ni tela ne, da gumina nake ci, ba albashi ba ubangida. An ba ni shawarar in yi rajistar inshorar lafiya da kaina, alhali lafiyata ƙalau. Wannan ba zubar da kuɗi ba ne?

Amsa: Malam, ba zubar da kuɗi ba ne, kuma yanzu da kake kan ƙafafunka ne lokacin shiga. Ma'aikaci tun daga albashi ake cire masa kuɗin inshora, ko ya kwanta ciwo wata zai yi masa. Kai kuwa ranar da ciwo ya kayar da kai, keke ya tsaya, kuɗin asibiti na jiranka. A nan ne da yawa suke sayar da jarinsu, abin da ya fi damuna ke nan.

Irinka ne suka fi yawa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa mutum biliyan 2, wato kashi 61 cikin 100 na masu aiki a duniya, suna sana'ar da ba ta cikin tsarin hukuma. Inda aka bar wa irin waɗannan zaɓi, masu jinya da masu juna biyu ne ke rige-rigen shiga, masu lafiya su noƙe. Sai asusu ya rame, magani ya yanke, waɗanda suka biya su yi fushi su ƙi sabuntawa. Tailan ta gwada katin inshorar lafiya na sa-kai tun 1983, bai game kowa ba, sai a 2002 ta koma ɗaukar nauyin jama'a da kuɗin haraji. Gana ta kafa nata tsarin a 2003 da harajin kashi 2.5 kan kaya, Najeriya kuma ta mayar da inshorar dole a dokar 2022.

Amma kada ka biya a makance. Tambayi abin da katin ya ƙunsa: tiyata, haihuwa, maganin hawan jini da ciwon suga? Wane asibiti za a tura ka, yana kusa? Iyalinka suna ciki? Yawancin tsare-tsaren suna da lokacin jira bayan rajista kafin kati ya fara aiki, don haka wanda ya bari sai ciwo ya zo ya makara.

Tunda samunka yau da ci gobe babu, nemi a yarda ka biya kaɗan-kaɗan, ko ku shiga a ƙungiyance da 'yan sana'arku. Ka riƙe rasit, ka rubuta ranar da katin zai ƙare, ka sabunta kafin ta zo.