Amsa kan abin da ya hana Turkiyya shiga Tarayyar Turai

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Malam, na ga tambayarka inda kake neman sanin abin da ya hana Turkiyya shiga Tarayyar Turai duk tsawon shekarun nan, da kuma ko zancen haƙƙin ɗan Adam da Turawa ke yi ba fakewa da guzuma ba ne a harbi karsana, alhali Musuluncin ƙasar ne ba sa so. Yawancin waɗanda suka amsa maka sun tsaya a kan cewa addini ne kawai. Ni karatu ne ya kai ni ƙasar, da na gama kuma na ci gaba da zama a Santambul ina haɗa wa 'yan kasuwarmu kaya daga unguwar Laleli zuwa Kano, don haka ina da abin cewa, sai dai ka yi haƙuri da tsawonsa.

Turawa ba su yi wa Turkiyya adalci ba, wannan na yarda da shi. Amma mutanen da ke kulle a gidajen yarin Turkiyya yau saboda ra'ayinsu ba Turawa ne suka kulle su ba, kuma laifin wancan ba ya wanke wannan.

Maganar ta tsufa ƙwarai. Tun 1963 aka sa hannu a yarjejeniyar Ankara, a 1987 gwamnatin Turgut Ozal ta miƙa takardar neman zama cikakkiyar mamba, a 1996 aka haɗe harkar kwastam, sai a taron Helsinki na 1999 aka amince ita 'yar takara ce. Ranar 3 ga Oktoba 2005 aka buɗe tattaunawa da ita, rana ɗaya da Kuroshiya. Kuroshiya ta shiga a 2013. Ita kuwa Turkiyya, cikin babi 35 da ake tattaunawa a kansu 16 kawai aka buɗe, guda ɗaya tak aka kammala, na kimiyya da bincike.

Shekarun da suka biyo bayan Helsinki su ne nake so ka duba da kyau, domin a nan ake ganin amfanin sharuɗɗan da mutane ke raina wa. Tarayyar tana da ƙa'idojin da ta shimfiɗa a Copenhagen a 1993: mulkin dimokuraɗiyya, bin doka, kare haƙƙin ɗan Adam da na tsiraru, da tattalin arzikin da zai iya gogayya. Don cika su Turkiyya ta soke hukuncin kisa, kashi na farko a 2002, gaba ɗaya a 2004. Ta rufe kotunan tsaron ƙasa. Ta rage wa sojoji ƙarfi a majalisar tsaro, su da suka kifar da gwamnati a 1960 da 1980, suka kuma tilasta wa Necmettin Erbakan sauka a 1997. An saki Leyla Zana a 2004, 'yar majalisar nan Bakurɗiya da ta shafe shekara goma a kurkuku, wadda rigimarta ta faro daga yin magana da Kurdanci wajen rantsuwar kama aiki. A 2009 gidan talabijin na gwamnati ya buɗe tasha da Kurdanci. Wani abokin karatuna ɗan Diyarbakir ya ba ni labarin kakarsa da ba ta jin Turkanci ko kaɗan, yadda ta zauna gaban talabijin tana kuka ranar da ta ji harshenta yana fitowa daga tashar gwamnati. Duk waɗannan gyare-gyare talakan Turkiyya ne ya ci moriyarsu, ba Bajamushe ba. Kuma kada a manta, jam'iyyar AKP ta Erdogan ce ta fi kowa rungumar tafiyar bayan ta hau mulki a 2002, domin sharuɗɗan Turai su ne garkuwarta daga sojoji da alƙalan da suka rufe jam'iyyun masu kishin addini kafin ita.

Yanzu ga inda masu cewa an yi rashin adalci suke da gaskiya. A 2004 an yi ƙuri'ar raba gardama kan shirin Kofi Annan na haɗe tsibirin Saifurus, inda yaranmu da yawa ke zuwa karatu a ɓangaren arewa. Turkawan tsibirin suka ce e, Girkawan suka ce a'a, amma bayan mako guda ɓangaren Girkawan ya shiga Tarayyar, da ikon hawa kujerar na-ƙi. A 2006 aka dakatar da babi takwas saboda Turkiyya ta ƙi buɗe tashoshin jiragenta ga Saifurus. Sarkozy ya hau mulki a Faransa a 2007 ya toshe wasu babin, yana faɗa a fili cewa Turkiyya ba ta da gurbi a Turai, Angela Merkel kuma ta ce a ba ta matsayin abokiyar hulɗa ta musamman maimakon mamba. Wato ana tsakiyar gyara aka nuna mata cewa ko ta cika sharuɗɗan ba lalle ne a karɓe ta ba. Ga kuma batun ɗankwali, wanda ya yi wa masu addini ciwo sosai: a 2005 kotun haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta goyi bayan hana ɗaliba Leyla Sahin shiga jami'a da lulluɓi. Matan da aka kora daga karatu a shekarun nan suna nan da ransu, na zauna da iyalansu, kuma ba za ka iya gamsar da su cewa Turai ta damu da haƙƙinsu ba. Akwai ƙyamar Musulunci a siyasar Turai, babu mai musun wannan. Akwai kuma lissafin yawan jama'a, don ƙasa mai mutum kusan miliyan 85 za ta yi kafaɗa da Jamus wajen yawan kujeru a majalisar Tarayyar.

To amma, Malam, in addini ne kaɗai, me za mu ce game da Albaniya da aka buɗe tattaunawa da ita a 2022, ko Bosniya da aka ba matsayin 'yar takara a shekarar, alhali dukansu ƙasashe ne masu Musulmi da yawa? Kuma me za mu ce game da abin da ya faru a cikin Turkiyya ita kanta?

Ina Santambul daren 15 ga Yuli 2016. Jiragen yaƙi suna wucewa ƙasa-ƙasa har tagogi na rawa, sojoji sun tare gadar Bosforus, masallatai suna ta salati a lasifika har asuba suna kiran mutane su fito. Mutane sun fito, sun tsaya gaban tankokin yaƙi da ƙirjinsu, kimanin 250 suka rasu, an jefa bam a ginin majalisa a Ankara. Wannan yunƙurin juyin mulki ta'asa ne, kuma Turkawa suna da hujjar jin haushin yadda shugabannin Turai suka yi sanyin jiki wajen jajanta musu. Gwamnati na da haƙƙin hukunta waɗanda suka harbi jama'a. Sai dai abin da ya biyo baya ya wuce su nesa ba kusa ba. An kafa dokar ta-ɓaci ta shekara biyu, aka kori ma'aikatan gwamnati fiye da 100,000 da umarnin doka kawai, ciki har da alƙalai da masu gabatar da ƙara kusan 4,000, aka rufe jaridu da makarantu da jami'o'i.

Maƙwabcina a benen da nake haya malamin firamare ne, mutum mai sallah a jam'i, wanda matarsa ke aiko mana da miya duk azumi. Wata safiya ya ga sunansa cikin dogon jerin sunayen da aka wallafa. Babu wanda ya kira shi ya tambaye shi komai. Abin da ya fahimta daga baya shi ne ƙungiyar malaman da ya shiga da bankin da yake ajiya ana danganta su da mutanen Fethullah Gulen, malamin da gwamnati ta zarga da kitsa yunƙurin juyin mulkin, alhali lokacin da ya yi hulɗa da su halattattu ne a doka. An soke fasfonsa, babu makarantar da za ta ɗauke shi ko ta kuɗi ce, abokansa suka daina ɗaga wayarsa don tsoro. Na gan shi da idona yana sauke kwalayen tumatir a kasuwar mako ta unguwarmu, yana sunkuyar da kai kada iyayen yaran da ya koyar su gane shi. Shi Musulmi ne, waɗanda suka kore shi ma Musulmi ne, babu Bature a cikin maganar.

Abin da ya fi tsaya wa Tarayyar a rai shi ne kotu, kuma a nan ina ganin suna da gaskiya. An tsare ɗan kasuwa Osman Kavala a 2017 bisa zargin shirya zanga-zangar adawa da gwamnati ta dandalin Gezi a 2013. Kotun haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce a sake shi a 2019, maimakon haka a 2022 aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Selahattin Demirtas, jagoran jam'iyyar Kurdawa da ya yi takarar shugaban ƙasa, an kama shi a 2016, kotun ta ce a sake shi a 2020, aka yi biris. Mutane da yawa ba su san cewa wannan kotu ba ta Tarayyar Turai ba ce. Ta wata ƙungiya ce daban mai suna Majalisar Turai (Council of Europe), wadda Turkiyya ke cikinta tun farkon kafuwarta, kuma a 2004 Turkiyya da kanta ta rubuta a sashe na 90 na kundin tsarin mulkinta cewa yarjejeniyoyin haƙƙin ɗan Adam suna gaba da dokokinta in suka ci karo. Ko wannan ma a ajiye shi: Can Atalay ya ci zaɓen majalisa a 2023 yana tsare, kotun tsarin mulkin Turkiyya ta ce a sake shi, wata kotun ta ƙi bin umarnin. A kudu maso gabas kuwa an sha cire zaɓaɓɓun magadan gari a naɗa kantomomi a madadinsu.

A matsayina na wanda ya yi harkar kaya, na fahimci dalilin da ya sa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tarayyar Turai kasuwa ɗaya ce da doka ɗaya. Hukuncin alƙalin wata ƙasa yana aiki a sauran, sammacin kamu da aka bayar a nan ana zartar da shi a can. In alƙali yana jiran waya daga sama kafin ya yanke hukunci, babu wanda zai yarda a ɗaure shi da wannan hukuncin. Za ka ce ai Hangari tana ciki kuma an daɗe ana kuka da ita kan irin wannan. Haka ne, kuma wahalar da suka sha da ita ce ta ƙara sa su taurin kai ga masu neman shiga.

Abin da ya fi ɓata mini rai da Turawa shi ne yarjejeniyar Maris 2016. Da 'yan gudun hijirar Siriya suka yi musu yawa, sai suka yi alkawarin Yuro biliyan 6 da sauƙaƙa biza don Turkiyya ta tare mutanen a wajenta, muryarsu kan haƙƙin ɗan Adam kuma ta yi ƙasa. Turkiyya ta riƙe 'yan Siriya sama da miliyan 3, ta yi abin da ƙasashe masu arziki suka kasa, bizar kuwa har yau shiru, don cikin sharuɗɗa 72 akwai gyaran dokar ta'addanci da Ankara ta ƙi taɓawa. Na san mai masaƙa da rigunansa ke shiga Jamus ba haraji, amma shi sai ya yi watanni yana jiran ranar ganawa kafin ya je baje kolin da ake nuna kayan nasa.

A 2017 aka amince a ƙuri'ar raba gardama da komawa tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko, a 2018 Tarayyar ta bayyana cewa tattaunawar ta tsaya cik, a 2021 Turkiyya ta fice daga yarjejeniyar Santambul ta kare mata daga cin zarafi, wadda ita ce ta fara sa mata hannu. A Maris 2025 aka soke takardar digirin magajin garin Santambul, Ekrem Imamoglu, washegari aka kama shi, ana gab da tsayar da shi takarar shugaban ƙasa. Ni dai ban ga alamar shigarta nan kusa ba. Abin da ɓangarorin biyu ke ciniki a kai yanzu shi ne biza, sabunta yarjejeniyar kwastam, da haɗin kan tsaro tun da yaƙin Yukiren ya tuna wa Turai girman rundunar Turkiyya a NATO. In kana bin labarin, Malam, ka rage sauraron jawaban taro, ka sa ido ko za a bi hukuncin kotu a kan Kavala da Demirtas, da yadda shari'ar Imamoglu za ta kaya, da kuma ko sanarwar da ƙungiyar mayaƙan Kurdawa ta PKK ta yi a Mayun 2025 ta ajiye makamai za ta sa a daina cire zaɓaɓɓun magadan garin Kurdawa.